Za a Hau Soro

"Gafaranku dai maƙwabta, za a hau soro!"

Muryar Malam Harisu ta tsallake katanga ta faɗa gidan Alhaji Kabo daidai lokacin da uwargidan, Hajiya Nagoggo, ta ɗaga taɓarya. Ta riƙe ta a sama kamar mai jiran a ce an fasa. Ba a fasa ba. Ta jingine taɓaryar, ta kife faifai a bakin turmi saboda kaji, ta ja gyalenta ta shige ɗaki tana ƙunƙuni. A gidan da ke bayansu ma aka ji ƙarar bokiti, wata ta bar wanki a jiƙe.

Al'ada ce da kowa ya tashi ya tarar a Daura: namiji ba ya hawa soro ko bishiya sai ya ɗaga murya, don matan maƙwabta su kimtsa. Sai dai waɗanda suka kafa ta magina suke nufi, masu hawa sau ɗaya a shekara su yi yaɓe kafin saukar ruwa. Ba su san za a yi wani Malam Harisu ba, mai hawa kowace safiya ta Allah da wani baƙin abu mai ido biyu rataye a wuya.

Malam Harisu tsohon malamin gona ne. A zamanin aikinsa shi ake turawa fadamu ya gano inda tsuntsayen jan-baki suke kwana, don a zo a yi musu feshi kafin su cinye gero. Ya ga tsuntsaye ba iyaka, amma a dunƙule, kamar hayaƙi. Sai bayan ya ajiye aiki, likitan ido a Katsina ya ce masa yana da hawan jinin ido, kuma an makara. Ganin zai riƙa rufewa daga gefe kamar ana naɗe tabarma ta ɓangare biyu, har ya haɗe a tsakiya. Wannan daminar zai gani, ta baɗi kuwa likita bai yi alkawari ba. A cikin motar dawowa Daura abu ɗaya ya tsaya masa a rai, har shi kansa ya ba shi mamaki: bai taɓa ganin ɗan tsuntsu ya ɗago kai daga sheƙa ba. Ga shi shamuwa ta zo da bazara ta yi sheƙa a tsamiyar gidan Alhaji Kabo, daidai saitin soronsa. Matarsa Zubaida kaɗai ya gaya wa maganar likita, ya kuma roƙe ta kada ta fita.

Madubin hangen nesan a Kongolam ya samo shi, wurin wani ɗan gwanjo mai suna Mati da ke baza rediyoyi da tociloli a bakin iyaka. Guda uku Mati ya ciro daga buhu, ya miƙa masa mafi girma.

"Wannan na soja ne, Baba. Da shi daga nan za ka ƙirga awakin Baure."

Malam Harisu ya ɗora a ido, duniya ta hau rawa. Abin da ke kusanto da nesa da yawa yana kusanto da rawar hannu ma, shi kuwa hannunsa ya tsufa. Na biyu ya juya shi ta faffaɗan baki ya duba cikin haske, ya ga funfuna ta yi saƙa a gilashin kamar yanar gizo. Na uku ɗan madaidaici ne, mai kusanto da abu sau takwas, fentinsa duk ya goge. Ya saita shi a kan turken wuta, turke ya tsaya guda ɗaya, bai rabu biyu ba. Ya murza ɗan abin tsakiya har sai da ya ga tsagar itacen.

"Wannan mummunan za ka ɗauka?" in ji Mati.

"Ba shi zan kalla ba," in ji Malam Harisu.

A gida ya yi masa masauki a gwangwanin madara, da ƙullin gawayi a ciki don ya tsotse laima. Kafin ya goge gilashin sai ya hure shi, ya share da gashin kaza, sannan ya bi da wani tsohon farin ƙyalle da ya hana kowa taɓawa. Bakin riga kuwa haram, domin ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta yi masa tabon da ba ya fita. Ba ya barinsa a rana, ba ya ɗaga shi sai igiyar tana wuya.

"Ko 'yarmu Amatullahi da tana jaririya ba ta ga wannan gata ba," in ji Zubaida. "Saura ka yanka masa rago."

A safiyar farko ya gano abin da ya hana shi karin kumallo. Shamuwar da ya sani tun yana yaro, baƙa mai farin ciki, ashe fuskarta shuɗiya ce, da ɗan ja a gefen ido. Ya sauko da sauri ya gaya wa Zubaida. Ta ce Allah Ya kyauta, koko dai ya huce.

Ba a jima ba saƙo ya iso ta hanyar da saƙon mata ke bi.

"Malam, Hajiya Nagoggo ta yi magana," in ji Zubaida. "Ta ce kullum kai ne sanadin da furarta ke kaiwa azahar."

"To ai ina yin gafara."

"Gafarar ce matsalar."

Ya dube ta, bai gane ba. Tun yana yaro aka koya masa cewa mai gafara ya fita haƙƙin maƙwabci. Ya kwana yana juya maganar, ya kai ga abin da ya ɗauka mafita ce: tunda kiran ne ke tayar da mutane, sai a bar kiran. Washegari ya hau a hankali ba takalmi, ya rakuɓe a bayan rawanin soro, idonsa a kan tsamiya. Ko shamuwar ba ta motsa ba, har ya ji daɗin dabararsa. Sai rana ta doki gilashin ya yi walƙiya, Hajiya Nagoggo ta ɗaga kai daga bakin murhu, ta saki salati da ƙarfin da ya tashi kajin gida uku.

Shekarun nan ne da aka ƙaddamar da shari'a, kowace unguwa ta farka da son gyara. Tasu unguwar har kwamitin tarbiyya ta kafa, ƙarƙashin wani matashin malami mai suna Yazid, mutum mai natsuwa da ba ya son a zalunci kowa. Kafin magana ta kai gare shi ta riga ta yi 'ya'ya a hanya. A bakin rijiya an ce abin yana huda katanga. A majalisar mai shayi an ce yana ɗaukar hoto ya aika Turai. Wani ya rantse cewa in aka juya shi yana nuna mutum ba tufafi. Malam Harisu ya lura sahun da yake tsayawa a masallaci ya fara yin faɗi ta gefensa, ya rasa dalili. Abin da ya fi ci masa rai shi ne Alhaji Kabo, dillalin shanun da suka haɗa katanga tun suna angwaye, ya koma amsa gaisuwarsa da ka.

Aka kira su zauren Mai unguwa Hamma da hantsi. Malam Harisu ya zo da gwangwaninsa a hammata.

"Ranka ya daɗe," in ji Alhaji Kabo, yana kallon tabarma, "ni ban ce Malam mutumin banza ba ne. Amma iyalina ta kasa daka a gidanta. In ya yi kira, ta shiga ɗaki. In bai yi ba, ta shiga uku."

"To wanne zan yi?" in ji Malam Harisu. "Na yi gafara an ce na takura. Na bari an ce na yi leƙe. Wallahi ban san inda laifin yake ba."

Malam Yazid ya gyara zama. "Baba, addini ya tsananta a kan leƙen gidan mutane, ka fi ni sani. Shi ya sa muke so mu ji daga bakinka. Me kake dubawa?"

"Shamuwa."

"Shamuwa," in ji Mai unguwa, kamar yana ɗanɗana kalmar. "Ai ba a cin ta."

"Ba ci zan yi ba, ranka ya daɗe."

"Magani ne aka ce ka haɗa da gashinta?"

"A'a."

"To ko lissafin damina kake yi, ka san ranar shuka?" Malam Yazid ya faɗa da sauri, da alamar yana nema masa ƙofar fita.

Da Malam Harisu ya ce e, da magana ta mutu a nan. Amma bai iya ƙarya ba, gaskiyar kuma ta yi masa nauyi a baki. Ya ce musu idonsa ne ke tafiya? Gobe a fara kama masa hannu a bakin titi, yara su riƙa ba shi hanya?

"Kallo kawai nake yi," ya ce. "Ta kwanta a kan ƙwai. Ina so in ga fitowar 'ya'yan."

Dattijo mai furfura, mai fansho, ya bar azkar ɗin safe ya hau soro don ya ga ɗan tsuntsu. Da ya ce aljanu yake kira, da sun fi saurin fahimta.

"Gani ya kori ji," in ji Mai unguwa a ƙarshe. "Mu je mu ga abin da abin nan ke gani."

Haka suka ɗunguma su huɗu zuwa soron Malam Harisu. Mai unguwa ya fara karɓa, ya riƙe shi a juye, ya ce ai wannan nesanta abu yake yi, tsamiyar ta koma Zango. Aka juya masa. Ya ga duhu, ya ga sama, ya ga gemun Malam Yazid, ya miƙa. Malam Yazid ya samo sheƙar, ya ƙura mata ido, sannan ya ce, "Tabarakallah. Ashe fuskarta shuɗiya ce." Zuciyar Malam Harisu ta yi sanyi, ya ji kamar ya rungume yaron.

Sai aka miƙa wa Alhaji Kabo. Ya kama shi da hannu ɗaya kamar igiyar sa, ya nemi tsamiya bai samu ba, hannunsa ya sauka ƙasa, sai ga tsakar gidansa ta taso ta cika masa ido. Hajiya Nagoggo na bakin turmi. Ta buga taɓarya sau biyu ta tsaya, ta jingina goshinta a jikinta, ta dafe ƙirji tana jan numfashi da baki. Ta daɗe a haka. Ya ga jijiyoyin wuyanta, ya ga yadda zoben da ya saya mata a Makka yake yawo a yatsa. Kullum a gabansa take, tana miƙo masa tuwo tana yi masa faɗa, amma rabon da ya dube ta haka har ya manta. Tsoro ya kama shi.

"Alhaji, me ka gani?" in ji Malam Yazid.

Ya sauke madubin a hankali. "Ana ganin komai," ya ce.

A daidai nan Hajiya Nagoggo ta ɗago kai ta ga maza huɗu jere a kan soro, har da mai rawani, ba wanda ya yi ko tari.

"Inna lillahi! Yau kuma gayya aka yi mini?"

Sai a lokacin suka tuna. "Gafara dai! Gafaranku dai!" Mai unguwa ya shiga kira yana ja da baya, Malam Yazid ya rufe fuska da hannun riga. Wajen sauka Malam Harisu ya tsaya a bakin matakala yana lalube da ƙafa kafin ya taka. Alhaji Kabo na bayansa, ya gani.

Hukuncin bai yi tsauri ba, kowa ya shaida. Ba wanda ya ce Malam Harisu ya yi nufin ɓarna. Amma maigidan da kansa ya ce ana ganin komai, kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Malam zai daina hawa soronsa, madubi kuma zai zauna amana a hannun Alhaji Kabo har shamuwa ta tashi, in ya so a mayar wa mai shi ya tafi daji ya kalli abin da ya ga dama.

"Har ta tashi?" in ji Malam Harisu. "Ai sai kaka ke nan."

"Kamar gobe ne, Malam," in ji Mai unguwa. "Baɗi ma ai za ta dawo."

Ya miƙa gwangwanin da hannu biyu. "Alhaji, kada ka bar shi a rana. In za ka goge, ka hure tukuna, ga gashin kaza nan a ciki. Don Allah ban da bakin riga."

"Ni me zan goge?" in ji Alhaji Kabo.

Ruwan farko ya sauka, aka yi shuka. Malam Harisu ya koma zaman tsakar gida, yana jin shamuwa na kaɗa baki a bayan katanga, yana ɗaga kai ba ya ganin komai sai duhun ganye. Ya lura gefen ƙofar ɗakinsa ya fara ɓacewa sai ya juya kai. Baƙin ciki ya zauna masa sosai, irin wanda ba shi da wanda za a kai wa ƙara. Har yanzu in ya bi lissafin bai ga inda ya kauce ba, kuma bai ga inda su ma suka kauce ba. Wani abin da ya ƙara ɗaure masa kai shi ne taɓaryar gidan Alhaji Kabo ta yi shiru. Zubaida ta ce Alhaji ya kai Hajiya asibiti, an ce zuciyarta ce, yanzu inji ake kai musu niƙa.

Wata safiya aka yi sallama. Alhaji Kabo ne da kansa, da gwangwani a hammata.

"Malam, taso. Tun jiya nake jin wani ɗan kuka a tsamiyar nan."

"An hana ni hawa."

"Soronka aka hana ka. Nawa ba a yi maganarsa ba, kuma ya fi kusa."

Malam Harisu ya bi shi har zaure na biyu, ya ja ya tsaya inda kowane namiji baƙo ke tsayawa. Tun da suke bai taɓa wuce nan ba. Alhaji Kabo ya kama hannunsa, ba irin kamun gaisuwa ba, ta gwiwar hannu ya riƙe shi.

"Shigo da shi mana, Alhaji," muryar Hajiya Nagoggo ta fito daga ciki, a tausashe. "Sannu Malam. Zubaida ta gaya mini. Allah Ya sa kaffara ne. Da mun sani ai da ba a yi haka ba."

Sai ya gane. Makaho ne kaɗai ake shigarwa gidan mutane ba shamaki. Kunya da ɗaci suka taso masa lokaci ɗaya, ya rasa wa zai ji wa haushi, Zubaida da ta tona ko waɗannan da suka tausaya. Ya so ya fizge hannunsa ya koma. Sai ɗan kukan ya sake fitowa daga tsamiya, siriri kamar ƙarar sabon takalmi, ƙafafunsa suka bi Alhaji Kabo.

A saman soro ya buɗe gwangwanin. Ko bai tambaya ba ya ga shatin bakin riga a gilashin, an goge an kuma gogewa.

"Sau ɗaya ne," in ji Alhaji Kabo. "Ko sau biyu."

Ya hure, ya share da gashin kaza, ya bi da farin ƙyalle. Ya rataya igiyar a wuya. A ƙasa Hajiya Nagoggo na zaune a kan kujera 'yar tsugune tana tsince shinkafa, gyalenta na rataye a igiyar shanya, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ya buɗe baki zai yi gafara, sai ta riga shi.

"Ba sai ka yi ba, Malam. Yi kallonka."

Ya tsaya da madubin a ƙirji. Abin da ya yi ta nema ke nan, a bar shi ya hau ba wanda ya tashi, ga shi an ba shi, amma hannunsa ya ƙi ɗagawa. Alhaji Kabo ya dube shi, ya dubi tsamiya, ya rasa me kuma ake jira.

Malam Harisu ya gyara tsayuwa, ya cika ƙirji.

"Gafaranku dai maƙwabta, an hau soro!"

Muryar ta fi ta kullum ƙarfi, har ta ɗan fashe a ƙarshe. Hajiya Nagoggo ta ɗago kai ta dube shi. Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta ajiye tiren shinkafar, ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, ta jawo gyalenta daga igiya ta lulluɓa har goshi. Ta shiga ɗaki ta saki labule.

Sai a sannan ya ɗora madubin a ido. Gefe duk hazo ne, bai san ko na gilashin ba ne ko nasa. Ya murza ɗan abin tsakiya a hankali. A cikin ɗan da'irar da ta rage masa, wani ƙaramin kai mai furfurar gashi ya ɗago daga cikin kirare, yana rawa, ya buɗe baki.